Sarautar Faustin Wirkus a Tsibirin La Gonave: Nazari a Kan Littafinsa

Littafin da za a duba a wannan takarda shi ne The White King of La Gonave, wanda aka buga a 1931. Faustin Wirkus ne ya rubuta shi tare da Taney Dudley. Shi Wirkus sajan ne a sojan Amurka da suka mamaye ƙasar Haiti daga 1915 zuwa 1934. A 1926 aka naɗa shi sarkin wannan tsibiri, ya riƙe har 1929.

Littafin ya jingina naɗin ga ƙaunar da talakawa ke yi masa, da kuma sunansa da ya zo ɗaya da na Faustin Soulouque, wanda ya mulki Haiti daga 1849 zuwa 1859 da sunan sarki. A nan ne rauninsa yake. Tun kafin a naɗa shi, Wirkus ne kwamandan jandarma na tsibirin, watau bindiga da haraji suna hannunsa. To, wanda ke riƙe da waɗannan, yaya za a auna ƙaunar da aka nuna masa?

A ganinmu, wadda ta cancanci nazari ita ce Ti Memenne, sarauniyar ƙungiyoyin manoma masu aikin gayya, wadda ta jagoranci naɗin. Mai yiwuwa dabara ta yi, ta ɗaure baƙo mai iko da al'adar mutanenta don a sami sauƙinsa. Amma marubutan ba su bi wannan hanya ba, domin duk abin da ta faɗa, ta bakin Wirkus muke jin sa.