Kujera ɗaya, masu nema biyu

A shekarar 2019 ne tashar Arewa24 ta fara nuna Kwana Casa'in, labarin wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa. Sani Mu'azu ya fito a Gwamna Bawa Maikada, wanda ya kankane mulki, shi kuma marubuci Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a Malam Adamu, mai neman kayar da shi. A watan Mayun shekarar ne kuma Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya yanki masarautu huɗu daga Kano, Karaye na ciki. Mutanen Karaye da Rogo sai suka wayi gari suna kallon rigimar kujera a akwatin talabijin, suna kuma jin tata a ƙofar gida.

Bayan shekara biyar, a Mayun 2024, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautun. A Yuli ta dawo da Karaye a daraja ta biyu, ta bar mata ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo. Mai kallon da ya ga haka da idonsa ba a yi masa burga da tsawa ko zare ido. Ya san yadda fadawa ke sauya gaisuwa kafin takardar tsigewa ta iso.

Nan ne Kwana Casa'in ya yi zarra. Gwamna da abokin hamayyarsa ba su cika haɗuwa ba; yaƙin yana hannun na kusa da su. Matar gwamna na da nata lissafin, mai ba da shawara na cin tudu biyu, ɗan jarida na tsakanin gaskiya da ambulan. Sunan shirin ma dabara ne, domin ƙidayar kwanakin zaɓe ita ke hana kowa sakat. Da Malam Adamu ya hau, sai aka ga kirki kaɗai ba ya riƙe gwamnati, kuma wanda aka kayar bai tafi barci ba.

Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya fito a YouTube a 2020, ya sauko da rigimar cikin kamfani. Umar Hashim talaka ne mai amana, Hajiya Nafisa, wadda Aisha Najamu ta fito a matsayinta, 'yar masu gida ce mai ji da kanta. Shirin ya karɓu ƙwarai, har a shagunan cajin waya inda ake tura fim a memori, matasa kan tambayi sabon fitowa kafin su tambayi kuɗin caji. Sai dai ma'aunin ya karkata. Umar ya cika tsarki, maƙiyansa sun cika mugunta, mai kallo ya san inda za a kwana tun da hantsi.

Babbar cutar fim mai dogon zango ita ce jan rai. Kuɗin YouTube na bin yawan kallo, don haka rigimar da za ta mutu a kashi goma sai a kai ta hamsin. A kawo sabon magauci daga sama, a tono wasiyyar da ba wanda ya taɓa jin labarinta, a kwantar da jarumi a asibiti mako uku. A majalisar shayi a Rogo, mai kallo kan danna gaba ya tsallake duk wannan, ya tsaya daidai inda magautan biyu suka zauna a ɗaki ɗaya suna gaisawa da murmushi.