Gidan Conner da Matar da Ta Tafi Yamma

A garin Fishers na jihar Indiyana a Amurka akwai gidan tarihi mai suna Conner Prairie, inda aka gina ƙauye guda aka tsayar da kalandarsa a shekarar 1836. Maƙeri na dukan ƙarfe mai zafi a kan uwar maƙera, mata na kaɗa madara har mai ya taso, kowa cikin tufafin zamanin. In ka tambayi ɗayansu waye shugaban ƙasa, sai ya ce maka Andrew Jackson. Wannan salo yana burge ni ƙwarai. Yaron da ya ɗebo ruwa da guga ya ji nauyinsa a hannu ya san wahalar mutanen da fiye da wanda ya karanta a littafi.

Amma filin nan yana da masu shi kafin zuwan Turawa. William Conner, wanda aka sa wa wurin sunansa, ɗan kasuwa ne da ya zauna cikin ƙabilar Lenape, ya auri Mekinges, suka haifi 'ya'ya shida. Yana cikin waɗanda suka yi tafinta a yarjejeniyar St. Mary's ta 1818, wadda ta raba Lenape da ƙasarsu a Indiyana. A 1820 Mekinges ta kwashi 'ya'yanta ta bi danginta yamma. Shi kuwa ya zauna, ya auri Baturiya kafin shekarar ta fita, a 1823 ya gina gidan bulon da baƙi ke shiga yau.

Shi ya sa nake goyon bayan sauyin da ake gani a irin waɗannan wurare. Conner Prairie ta kafa sansanin Lenape, wani gidan tarihi irin wannan mai suna Plimoth Plantation kuma ya koma Plimoth Patuxet a 2020 don sunan da 'yan asalin ƙasar suka san wurin da shi ya fito. Masu cewa an cusa siyasa cikin yawon yara ba su yi adalci ba, domin labarin Mekinges labarin gidan ne kansa.

Sai dai sansani ɗaya a gefe bai wadatar ba. Mai kwaikwayon mutumin 1836 bakinsa a ɗaure yake, abin da mutumin zamanin zai faɗa kaɗai yake faɗa. Jikokin Lenape suna nan da ransu a jihar Oklahoma. A riƙa gayyato su a kai a kai, a biya su, su tsaya a ƙofar gidan bulon cikin tufafinsu na yau, su ba da labarin da bakinsu.