Gizo Da Hular Hana-Salla: Mako Guda Tare Da Andy Capp

A cikin zane-zanen barkwanci da jaridun Ingila suka saba bugawa, kaɗan ne suka yi tsawon rai irin na Andy Capp. Wani mai zane, Reg Smythe, mutumin garin Hartlepool a arewacin Ingila, shi ya ƙago shi, jaridar Daily Mirror kuwa ta fara buga shi ran 5 ga Agusta, 1957. Shi dai Andy ɗan gajere ne mai ƙaton hanci, ya jawo hular hana-salla ta rufe masa idanu, ba ya aiki, ba ya kuma neman aiki. Matarsa Flo ita ke fita aikatau, shara da goge-goge, ta kawo na cefane.

To, bari mu bi shi kwana-kwana, domin kowane mako mai karatu ya buɗe cikin tsofaffin zanen, abin da zai tarar bai wuce wannan ba.

Ran Litinin ga Percy mai karɓar kuɗin haya yana ƙwanƙwasa ƙofa, maigida kuwa yana miƙe bisa doguwar kujera, ya ba duniya baya. Ban san wani gwarzon labari da aka fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa ba in ba shi ba. Ran Talata ya nemi rance wurin Flo, irin rancen da mai bayarwa da mai karɓa duk sun san sadaka ce. Laraba ta tattabaru ce, nan ne kaɗai za ka ga tausayi a jikinsa. Alhamis ba labari, barci ya yi. Ran Juma'a Flo ta karɓi ladan aikinta, shi kuma ya san haka tun kafin ta iso gida. Asabar a filin ƙwallo, inda Percy ɗin nan dai ya zama alƙalin wasa, ya kore shi saboda ƙeta. Da tsakar dare ya dawo daga mashaya yana tangaɗi, wani lokaci jiƙe sharkaf don ya faɗa ruwa, Flo na laɓe bayan ƙofa da muciyar murza fulawa. Ran Lahadi limamin coci ya yi masa nasiha, ta shiga ta dama ta fita ta hagu.

Bahaushe ba zai yi wannan mako ba bai gane mutumin ba. Ai Gizo ne: ga lalaci, ga kwaɗayi, ga bakin kare kai, ga kuma mata mai haƙuri tana ɗauke da gida, wato Ƙoƙi. Amma akwai bambanci, kuma a ganina nan ne zanen ya kasa tatsuniya. Ita tatsuniya tana da ƙurunƙus. Da hankaki suka ara wa Gizo gashi ya bi su cin ɓaure, haɗama ta sa ya hana su, sai kowa ya zare gashinsa, suka bar shi ya faɗa kogi. Yaro ya yi dariya, ya kuma ga an biya bashi kafin ya kwanta. Zanen jarida kuwa ba shi da ikon ƙarewa, gobe ma akwai shafin cikewa. In Andy ya tuba, mai zane ya rasa abinci. Saboda haka dole kowace safiya a mai da shi kan kujerarsa, a mai da Flo bakin bokitinta, shekara fiye da 40 a hannun Smythe kaɗai, har ya rasu a 1998 wasu suka ɗora.

Mu a nan Koki (kada mai karatu ya rikita da matar Gizo), unguwar da fatauci ya yi wa suna tun zamanin su Alhaji Sanusi Dantata, zaman kashe wando abin kunya ne a baki. Amma a cire mashaya a sa teburin mai shayi, a zaga lungu da hantsi, za a ga majalisa cike, cikin gida kuwa ana tuyar ƙosai da ɗinkin hula, yara sun fita talla. Wanda ya fi kowa ƙyalƙyala wa Andy dariya, a bincika wa ya biya kuɗin kokonsa.

Ban ce Smythe ba gwani ba ne. Da layi kaɗan da magana biyu yake kafa gida sukutum, kuma shi da kansa ya ce mahaifinsa ya duba ya zana Andy, sunan mahaifiyarsa, Florence, ya sa wa Flo. Wanda ya san abu daga cikin ɗaki ne ya yi aikin. Sai dai zanen farko-farko sun mai da dukan mata abin raha, har a ga Flo zube a ƙasa shi yana tsaye a kanta. Daga baya aka janye wannan, aka riƙa kai su wurin mai sasanta ma'aurata, a 1983 kuma aka cire masa tabar da ke maƙale a leɓensa. Hannunsa dai bai fita daga jakar Flo ba. A 2007 mutanen Hartlepool suka kafa masa mutum-mutumi na tagulla a garinsu, shi kaɗai, da hularsa.