Injiniya, fitilun nan ihu suke yi

Makon jiya aka kira ni wani masauki a Paiko, bakin titin Minna zuwa Suleja, wai intanet ya daina gudu tun da aka haɗa talabijin ɗin ɗakuna ta wayar kwamfuta. Ina buɗe akwatin na'urorin intanet ɗin, sai ga fitilu ashirin da huɗu na suwic suna ƙiftawa tare, kamar an sa musu kiɗa. Mai wurin har da murmushi, wai alamar aiki ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ihu ne."

Ga abin da ke ƙona mini rai. Maltikas, wato hanyar da ake raba hoton talabijin ɗin nan ta waya, tiren abinci ne guda, na waɗanda suka ɗaga hannu kawai. Suwic ɗin da ba a saita ba kuwa bai san wa ya ɗaga ba, sai ya tura wa kowa: firinta ta sha ƙwallo, kwamfutar kashiya ta sha fim ɗin Indiya. Maganin yana nan a saiti, IGMP snooping, wato suwic ya laɓe ya ji wa ya nema. Tun 1989 Steve Deering ya rubuta ƙa'idar IGMP. Ta girmi yawancin masu hawa tsani a Minna, amma har yau sai a soka waya, a ga kore, a karɓi kuɗi.

Sai 'yan rabin ilimi, su suka fi ba ni dariya. Sun kunna laɓen, sun manta da mai kiran suna, wanda ke tambaya duk daƙiƙa 125 ko akwai mai kallo. Ba a tambaya ba, ba a amsa ba, bayan daƙiƙa 260 suwic ya ɗauka kowa ya watse, ya yanke hoto. Minti huɗu da ɗoriya, kullum, kamar agogo! Injiniyan da ya haɗa kuma ya ce NEPA ce, ko zafi, ko kaya na jabu ne.

Na sani, dala ta tashi, suwic mai saiti ba araha, kuma shago mai kwamfuta huɗu ba ruwansa da wannan. To amma na masaukin nan mai saiti ne, an biya kuɗinsa cur, kalmar sirrinsa ma tana nan yadda ta fito daga kwali.

Minti goma na yi a kai. Fitilu suka lafa, biyar kaɗai ke rawa. Mai wurin ya leƙo, ya yi shiru, ya ce, "Injiniya, anya ba ka lalata shi ba?"