Tarihi da Bin Diddigin Laifi a Ƙagaggun Labaran Hausa

Duk wanda ya lura da abin da malaman makaranta da ɗalibai suke karantawa a garuruwan karkarar Kano, irin su Rimin Gado da ke kan hanyar Gwarzo, zai tarar da littattafai iri biyu: masu jigon tarihi da masu jigon aikata laifi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa waɗannan rassa biyu ba su cika haɗuwa a littafi guda ba, alhali kuwa kayan haɗa su suna nan jibge.

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi rassan biyu. A Ganɗoki, Muhammadu Bello Kagara ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, amma bai daɗe ba ya kai tauraronsa duniyar aljannu, sai tarihi ya koma tatsuniya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi riƙe zaren gaskiya, domin ya bi hanyar fataucin bayi har ƙetaren Sahara. Sai dai babu wani ɓoyayyen al'amari da mai karatu zai yi ta wasa ƙwaƙwalwa a kansa, tun da Shaihun da kansa yake ba almajiransa labari bayan kome ya wuce. Shi kuwa Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo ya zaunar da mai karatu tare da ɓarayi, ya san mai laifi tun daga farko. Haka Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina (1982) ya tona asirin 'yan fasa-ƙwauri, amma na zamanin marubucin.

Littafin da ake jira shi ne wanda zai ɗauki wani laifi da aka rasa mai shi, ya ajiye shi a cikin wani zamani sananne, ya warware shi ta hanyar hujja, ba da tsafi ko mafarki ba. Umberto Eco na Italiya ya yi irin wannan a 1980, inda ya gina labarin kisan kai a gidan ibadar rahibai a shekarar 1327.

Marubucin Hausa ba ya bukatar aro daga can. Akwai bayanan shari'o'in da majalisar Sarkin Kano Abbas ta yanke a 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara wasunsu a 1994, cike da rigingimun gona da sata da kisa. Shekaru ne da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, cinikin gyaɗa ya buɗe, sannan yunwar 1914 ta biyo baya. A ƙasa irin ta Rimin Gado, inda gona take manne da gona, matsar da iyaka taku ɗaya ya isa ya raba zumunci. Ga dagaci da mai unguwa da dogari da masu bin sawu, ga kuma muhutin alƙali, wanda ya dace da zama mai bincike saboda iliminsa da shigarsa cikin jama'a. Fiƙihun Malikiyya ma ya tanadi rantsuwa hamsin ta ƙasama idan an yi kisa, zargi ya yi ƙarfi amma shaidu ba su cika ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya zama ƙashin bayan labari.

Sharaɗi biyu ne manazarta za su auna irin wannan littafi da su. Na farko, kada marubuci ya sa wa mutanen 1914 tunani da kalmomin jikokinsu. Na biyu, ya shimfiɗa wa mai karatu dukkan alamun da mai binciken ya gani, don a yi tafiyar tare. Akwai kuma bukatar hanzari, domin dattawan da suka ji labarin waɗannan shekaru daga bakin iyayensu suna ta ƙarewa, kuma abin da suka sani game da haraji da tsarin gandu ba duka ne ya shiga takarda ba.