Hoton ƙwaƙwalwa kaɗai bai isa hujja ba: binciken Pittsburgh kan sikizofiriniya

Idan kana da ɗan'uwa mai fama da sikizofiriniya, ka san cewa magani yakan rage jin muryoyi da ruɗani, amma mantuwa da rashin natsuwa da wahalar tsara aiki sukan ci gaba. Su ne suke hana mutum komawa makaranta ko sana'a. Shi ya sa aka ƙirƙiro horon tunani, wato atisayen da ake yi don ƙarfafa riƙe abu a kai da mayar da hankali.

A 2010, Shaun Eack da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka wallafa binciken da har yau ake yawan kafa hujja da shi. Sun bi marasa lafiya 53 da cutar ba ta daɗe da kama su ba, tsawon shekara biyu, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI. Waɗanda suka samu horon ba su yi asarar naman ƙwaƙwalwa kamar sauran ba, musamman a hipokamfas na hagu, sashen da ke da hannu wajen tuna abubuwa.

Aikin ya cancanci yabo. An raba mutanen ta hanyar ƙuri'a, kuma ɗaya rukunin ma an ba shi kulawa ta musamman. To amma fa ka lura da abu biyu. Na farko, mutum 53 sun yi kaɗan, kuma ƙaramin bincike yakan nuna sakamako ya fi yadda yake girma. Na biyu, shirin ya haɗa awa 60 na atisaye a kwamfuta da zama 45 na rukuni, inda ake koyon fahimtar mutane da mu'amala da su. Kwamfutar ce ta kare ƙwaƙwalwar, ko zama da mutanen? Tsarin binciken ba zai iya raba su ba.

Nazarin da Antonio Vita ya jagoranta a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje 130, ya ba da haske. Horon yana da amfani, amma matsakaici ne, kuma ya fi tasiri idan akwai ƙwararren mai horarwa, aka kuma haɗa shi da shirin mayar da mutum cikin harkokin rayuwa.

Don haka idan aka tallata maka manhajar waya da hoton ƙwaƙwalwa mai launi, ka yi hattara. A 2016 kamfanin Lumosity ya biya dala miliyan 2 a Amurka kan tallar da ba ta da hujja. Tambayar da za ka yi ita ce: waɗanda suka yi horon sun koma aiki ko karatu? Sannan ka tuna, mutanen Pittsburgh suna shan maganinsu a lokacin da ake horar da su. Kada ɗan'uwanka ya ajiye nasa saboda wata manhaja.