Hannun da ya iya gangara: gwanintar buga Sonic

Tun 1991 da kamfanin Sega ya fitar da Sonic the Hedgehog a kan na'urar Mega Drive, masu buga shi ba su daina gardama a kansa ba. Wani zai ce maka ai babu wata wahala a ciki, danne madannin dama kawai za ka yi, shuɗiyar bushiyar nan ta kai kanta gida. Wani kuma, cike da haushi, zai ce wasan mayaudari ne: ya kwaɗaita maka gudu, kana sakin jiki sai ka yi karo da ƙusoshi, zobban da ka tara su watse. Zancen biyu sun ci karo, don wasa ɗaya ba zai zama mai sauƙi har ya gundura, kuma mai mugunta har ya fusata ba. Ni dai ina ganin dukansu daga nesa suka hango shi. Wanda ya zauna kusa da gwani ya kalli yatsunsa, ba allon kaɗai ba, zai ga abin da ya wuce gardamar.

Abu na farko da zai lura da shi shi ne gwanin ba ya yawan danne dama. Akwai dalili a cikin lissafin wasan kansa. A wasan farko, iyakar gudun Sonic da ƙafa ɗigo 6 ne na allo a kowane hoto, hotunan kuwa 60 ne a daƙiƙa. In gangara ko sifirin ya ba shi gudun da ya fi haka, sannan ka ci gaba da danne gaba, wasan zai yanke masa gudun ya mayar da shi 6 ɗin nan. Wato hannun da ya fi ƙwazon cewa “yi sauri” shi ne ke taka masa burki. Amma in ka taɓa madannin ƙasa yana cikin gudu, sai ya dunƙule ya koma mirgina, kuma a nan dokar daban ce. Gangara tana jan mai mirgina ninki biyu da rabi na yadda take jan mai gudu da ƙafa, kuma zai iya kai ɗigo 16. Sai dai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai mirgina ba ya iya ƙara wa kansa komai, gudun sai raguwa yake yi har ya tsaya. Saboda haka duk gwanintar ta fara ne daga sanin lokacin dunƙulewa da lokacin miƙewa. Wanda ya taɓa hawa keke a gari mai tudu da kwari ya san wannan a jikinsa: ba a ɓata gangara, don da abin da ta ba ka za ka haye tudun da ke gaba ba tare da ka sauka ka tura ba.

Madannin aiki a wasan ɗaya ne tak. Na'urar riƙewa ta Mega Drive tana da A da B da C, amma duk ukun tsalle suke yi. Da gangan aka yi haka. Yuji Naka, wanda ya rubuta manhajar wasan, shi da Naoto Ohshima mai zanen Sonic da Hirokazu Yasuhara mai tsara filayen, sun fara ne da zomo mai cafkar abubuwa da kunnuwa yana jifa da su. Suka ga ɗauka da jifa suna katse gudu, sai suka nemi dabbar da jikinta kansa makami ne in ta dunƙule. Duk wanda ya taɓa ganin bushiya ta ji motsi ta naɗe kanta, ƙayoyinta a waje, ya san me ya sa zaɓin ya faɗa kanta.

To amma tsallen nan guda ɗaya, iri-iri ne a hannun wanda ya iya. In ka taɓa madannin ka saki, gajeren tsalle ne. In ka riƙe, dogo. Gwani ya fi son gajeren, don ƙasa ce ke ba da gudu, duk lokacin da aka ɓata a iska hasara ne sai in da dalili. Abin da ya fi wannan daɗi shi ne Sonic ba sama tsaye yake tashi ba, yana tashi ne daidai da yadda ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta karkata. Ka yi tsalle a tsakiyar gangara, sai ta harba ka gaba. Ka yi shi a kan leɓen tudu kana cikin gudu, sai ka lula sama har ka kai wurin da sabon shiga zai rantse ba a iya zuwa. Ka yi shi da wuri kaɗan, kana tsakiyar hawa, sai ya jefa ka baya, gudun da ka tara ya tafi a banza. Tsakanin waɗannan ukun ba a fi ƙiftawar ido ba. Haka nan in ka faɗo daga sama a kan wani butum-butumin Dakta Robotnik, mugun wasan, ko akwatin kyauta, kana riƙe da madannin, za ka sake tashi da ƙarfin da ka faɗo da shi. Maƙiyin da aka ajiye don ya tare hanya, sai ya zama matakala.

Yanzu sai mu koma ga mai cewa wasan mayaudari ne, don yana da gaskiyarsa, bai kamata a yi watsi da ita ba. Faɗin allon ɗigo 320 ne, Sonic kuma yana wajen tsakiya, saboda haka abin da kake gani a gabansa bai fi 160 ba. A gudun ƙafa, ƙusar da ta ɓullo a gefen allo za ta iso ka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A cikakken gudun mirgina kuwa hotuna goma ne kawai, kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, kuma idon ɗan Adam da yatsansa ba sa cim ma wannan. A zangon Chemical Plant na wasa na biyu, Sonic 2, ma akwai inda yake tsere wa allon gaba ɗaya, ka bar ganinsa na ɗan lokaci. Ashe ke nan babu mai kauce wa abin da bai san da shi ba, komai kaifin idonsa. Gwanin da ka ga ya yi tsalle kafin ƙusa ta bayyana, ba duba yake yi ba. Ya sha karo da ita ne har ta zauna masa a kai.

Kuma wasan bai ɓoye cewa haka yake so a yi ba. Na farkon ba shi da ajiya: ka kashe na'ura, gobe daga zangon farko, Green Hill, za ka faro. Naka ya sha faɗin cewa tunanin wasan ya samo asali ne daga yadda yake maimaita matakin farko na Super Mario Bros., yana neman ya gama shi da sauri don ya kai inda ya tsaya. Sai ya gina wasan da maimaitawar ita ce daɗinsa. Agogo yana nan a kusurwar allo yana ƙirga, ka kai minti goma ka rasa rai, ka gama mataki cikin ƙasa da daƙiƙa 30 a ba ka maki 50,000. Sabon shiga zai ɗauki mintuna a matakin farko na Green Hill yana leƙe-leƙe. Gwani zai ƙare shi kafin daƙiƙa talatin ɗin su cika, a kan gada ɗaya, da'ira ɗaya, ramuka ɗaya.

Zobba su ne suka sa wannan koyon ya yiwu, kuma a ganina babu wata dabara a wasan da ta fi su kyau. Muddin kana da ko da zobe ɗaya, karo ba ya kashe ka. Zobban ne za su watse, suna tsalle-tsalle a allo, ka yi wuf ka cafke ɗaya ka ci gaba. Rami da matsewa da nutsewa ne kawai ba sa duba abin da ke hannunka. Don haka kuskure yana cin lokaci ne, ba kullum yake cin rai ba, kuma mutum zai iya yin ganganci ya koya. Masu neman karya tarihin lokaci ma sun juya abin: wani sa'in da gangan suke barin a buge su, saboda bayan bugu akwai kamar daƙiƙa biyu da Sonic ke ƙyalli kusan babu abin da ke taɓa shi, sai su ratsa wurin da zai sa su jira. Suna lissafin zobe ɗaya kamar yadda wani ke lissafin ɗari.

Tsarin filayen kuma aikin Yasuhara ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan kowane mataki yana da hanya fiye da ɗaya. Ta sama ta fi sauri, ta fi kyaututtuka, amma riƙe ta sai da tsallen da bai kauce ba. In ka kauce ba mutuwa za ka yi ba, ƙasa za ka faɗo, inda hanya ta fi jinkiri, ruwa da ƙusoshi suka fi yawa. Ko babu wanda ya faɗa maka makinka, tsayin inda kake a allo ya isa ya nuna maka matsayin hannunka. Shi ya sa kallon gwani ke da daɗi: minti guda cur ƙafarsa ba ta taɓa hanyar ƙasa ba, kana ganin rufin filin da kai ka saba yawo a gindinsa.

Inda ra'ayi ya fi rabuwa shi ne zangunan da ke hana gudu. Ka fito daga Green Hill da zafinka, sai Marble ta tsayar da kai kana tura dutse, kana jiran ruwan wuta ya sauka. Labyrinth kuwa ta fi kowace shan zagi. Cikin ruwa gudun Sonic rabi ne, numfashinsa daƙiƙa 30, in saura kaɗan sai wani kiɗa mai tayar da hankali ya fara, lambobi su hau ƙirgawa daga biyar. Ba zan kare komai a nan ba. Akwai wuraren da jiran ya yi yawa, kuma Sega ma ta gane, don Sonic 2 na 1992 ya rage irinsu, ya rage yawancin zangunan daga mataki uku zuwa biyu. Duk da haka a Labyrinth ne nake ganin natsuwar gwani fiye da ko'ina. Sabon shiga yana jin kiɗan nan sai ya ruɗe, ya tsaya kan kumfa yana jiran babba ta fito ya shaƙi iska. Gwani ya san ko wace kumfa yake buƙata, ko wace zai wuce, don haɗiyar kowace tana tsayar da shi. Za ka gan shi yana tafiya lamba tana kan biyu, tana kan ɗaya, bai canja taku ba, sai ga kansa ya ɓullo saman ruwa. Wannan ma sauri ne, irin na wanda ya auna komai tun kafin ya shiga.

Sonic 2 ya kawo Tails, abokin Sonic, ya kuma kawo dabarar tayar da gudu daga tsaye: ka duƙa, ka danna tsalle sau da yawa, ka saki, ya fita kamar an harba shi. Wasu tsofaffin hannu sun ce wannan ya sauƙaƙa abin da yawa, tunda wanda ya rasa gudu a gindin tudu ba sai ya koma baya ya sake tarowa ba. Da gaskiyarsu, amma tsayawar da za ka yi ka tayar ita ma lokaci ce, gwani kuwa abin da yake gudu ke nan. Babban sauyin ya zo daga baya. Daga Sonic Rush na 2005 da Sonic Unleashed na 2008, an samu madannin da ke ba da cikakken gudu nan take, ya kuma ture duk abin da ke gaba. Waɗannan wasannin suna da tasu gwanintar, ta saurin ido da sauya layi, kuma suna da masoya na gaske. Amma ƙasa ta daina zama abar karantawa. Da Sega ta fitar da Sonic 4 a 2010 da sunan komawa tushe, masu wasa ba su ɗauki lokaci ba suka gano ɓarakar: ka saki madanni a iska sai ya tsaya cak, yana iya tsayawa a jikin bango kamar an manna shi, mirgina a gangara kuma ba ta ƙara komai na kirki. Kamannin na da ne, nauyin jikin ba shi ba ne. Ƙorafin da aka yi ya nuna cewa mutane da yawa sun san abin da hannunsu ya saba da shi, ko da ba su iya faɗinsa da lambobi ba.

Wasu kuwa sun iya faɗinsa da lambobi. Masoya wasan sun shafe shekaru suna tona manhajar kaset ɗin da, suna rubuta ƙarfin jan ƙasa da na tsalle da na gangara ɗaya bayan ɗaya, kuma daga wurinsu aka san alƙaluman da na kawo a sama. Daga cikin irin waɗannan mutane Christian Whitehead, ɗan Ostareliya, ya fito. Ya gina injin wasa nasa da ke kwaikwayon motsin Sonic na asali, Sega ta ɗauke shi ya sake fitar da Sonic CD a 2011, sannan ta ba shi, tare da Headcannon da PagodaWest Games, aikin Sonic Mania da ya fito a 2017. Sun faɗaɗa allon, abin da ya rage wa mai kukan yaudara kaifin hujjarsa, suka bar lissafin gangara yadda yake. Sabuwar dabarar da suka ƙara wa Sonic ma ta dace da tsohon hannu: kana iska ka sake danna tsalle ka riƙe, yana dira sai ya fita da mirgina ba tare da ya tsaya ba. In a fili ka dira, ɗan abin da za ka samu kaɗan ne. Gwani yana riƙe ta ne har ya ga bakin gangara a ƙarƙashinsa, ya dira daidai inda ƙasa ta fara sunkuyawa, ta yadda ƙarfin dabarar da jan gangarar za su haɗu su kai shi da'irar da ke gaba da ragowar gudun da zai haye hanyar sama.